Gado ko Hoto: Wace Hanya Likitan Zuciya Mai Son Bincike Zai Bi?

Wata matashiyar likita da ke dab da kammala horonta a fannin zuciya ta tare ni a bakin ɗakin eko, inda ake ɗaukar hoton zuciya da na'urar sauti, takardu biyu a hannunta. "Malam, wurare biyu suka ba ni gurbin digirin digirgir. Ɗaya a ɗakin binciken ƙwayoyin gado, ɗayan a sashen hoton zuciya. Dukansu kan cututtukan zuciya na gado suke aiki. Wanne zan ɗauka?" Na ce mata ta bari mu samu wuri mu zauna, don wannan ba maganar tsaye ba ce. Abin da muka tattauna daga baya shi nake faɗaɗawa a nan, saboda ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba.

Sassan biyu dabba ɗaya suke farauta. Babbar cutar da ta haɗa su ita ce kaurin tsokar zuciya na gado, wadda likitoci ke taƙaitawa da HCM. Tana kama kusan mutum 1 cikin 500, kuma tun 1958 wani likitan binciken gawa a Landan, Donald Teare, ya bayyana ta a jikin matasa 8 da yawancinsu suka faɗi suka mutu ba tare da jinya ba. Galibi idan uwa ko uba na ɗauke da sauyin ƙwayar gado da ke haddasa ta, kowane ɗa yana da kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Shi ya sa mara lafiya ɗaya a wannan fanni yakan zama ƙofar gida guda: 'yan'uwansa, 'ya'yansa, wani lokacin har 'ya'yan baffanni. Bayan HCM akwai buɗewar zuciya da raunin bugunta, wato DCM, sannan akwai cututtukan wutar zuciya irin su Long QT da Brugada.

Tankaɗen farko a nan yake, kuma mutane kan tsallake shi. Idan abin da ke hana ka barci shi ne yaron da ya suma a cikin ruwa yana iyo, ko matashin da ya kwanta lafiya aka wayi gari babu shi, alhali zuciyarsa a ido ba ta da aibu, to hoto ba zai yi maka aiki sosai ba. Zuciyar mai Long QT kalau take fitowa a eko da MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu. Matsalar tana cikin ƙananan ƙofofin da gishirin jiki ke bi ya shiga ƙwayoyin tsoka ya fita, kuma takardar ECG mai nuna wutar zuciya da gwajin gado ne ke tona ta. A 1995 da 1996 ɗakin binciken Mark Keating a Utah ya gano manyan ƙwayoyin gado uku da ke bayan cutar, kuma yau gwaji yakan samo dalili a wajen kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda cutar ta tabbata a jikinsu. Mai son wannan ɓangare ya tafi gado kai tsaye, babu dogon lissafi. Gardamar gaske tana kan cututtukan tsoka, inda kowane sashe ke da abin faɗa.

Hanyar gado tana da tarihi mai jan hankali, kuma shi ne ke ruɗar matasa. A 1990 ɗakin binciken Christine Seidman, likitar zuciya, da mijinta Jonathan Seidman a Harvard ya nuna cewa sauyin harafi ɗaya a ƙwayar gadon MYH7 shi ke haddasa HCM a wani babban dangi na Kanada. Wannan ne karon farko da aka ɗora yatsa a kan asalin cutar. A 1995 aka ƙara ƙwayar gadon MYBPC3. Sannu a hankali aka fahimci cewa ƙananan injinan da ke jan tsokar zuciya suna aiki fiye da kima a cutar, aka nemi maganin da zai sassauta su. Maganin, mavacamten, an gwada shi kan mutum 251 a binciken da aka wallafa a 2020, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2022. Duk mai jin wannan labari sai ya ji shi ma yana so. Amma a ƙirga: daga 1990 zuwa 2022 shekara 32 ce. Wanda ya shiga aikin yana ɗalibi, furfura ta cim masa kafin a rubuta wa mara lafiya na farko maganin.

Rayuwar yau da kullum a wannan hanya ba ta kama da labarin. Ko dai kana ɗakin gwaje-gwaje kana rainon ƙwayoyin zuciya da aka samar daga jini ko fatar mara lafiya, kana kiwon ɓeraye masu ɗauke da sauyin, ko kana gaban kwamfuta kana tace dubban sauye-sauye kana neman ɗaya. Ƙwayoyin da ka yi wata biyu kana lallaɓawa ƙwayar cuta za ta iya shiga ta lalata su a dare ɗaya. Kuma abokan gasarka ba likitoci ba ne. Masana kimiyya ne da ba su da mara lafiya ko ɗaya da zai kira su da tsakar dare. Kai kwana uku a mako kake zuwa ɗakin, su suna kwana a ciki. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa kowane likita kafin ya sa hannu.

Abu mafi nauyi kuma shi ne zama da rashin tabbas. Ga misalin da kowane asibitin gado ya sani. An kawo mahaifiya da 'ya'yanta uku bayan mijinta ya rasu farat ɗaya yana ɗan shekara 41, binciken gawa ya nuna kaurin tsoka. An yi gwajin gado, sakamako ya dawo bayan makonni, an ga sauyi a MYBPC3, amma an rubuta cewa ba a san ma'anarsa ba. Tun 2015 ƙa'idar da ake bi ta raba sauye-sauye gida biyar: mai cuta, mai yiwuwar cuta, wanda ba a sani ba, mai yiwuwar rashin illa, da marar illa. Na tsakiyan nan shi ne ciwon kai. Ba za ka gwada yaran da shi ba, don idan ka sallami wanda ba shi da sauyin alhali ba shi ne dalilin ba, ka sallami yaron da ke cikin haɗari. Matar za ta dube ka ta ce, "Likita, to yanzu suna da shi ko ba su da shi?" Amsar da kake da ita ita ce a ci gaba da kawo su eko duk bayan 'yan shekaru. Kuma ko a HCM ɗin da ta tabbata, gwaji ba ya samo dalili a wajen fiye da rabin marasa lafiya.

Sai dai a cikin wannan duhun ne aikin da ya fi daraja yake kwance, a ganina. A 2016 Arjun Manrai da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu sauye-sauye da aka daɗe ana gaya wa mutane cewa su ne sanadin HCM ashe ba su da illa, kawai sun fi yawa ne a jikin baƙar fatar Amurka, kuma ba a sa baƙar fata cikin lafiyayyun da aka kwatanta da su tun farko ba. An tsorata iyalai a banza. A 2019 wani kwamiti ƙarƙashin Jodie Ingles ya sake auna ƙwayoyin gado 33 da ake dangantawa da HCM, 8 kacal suka tsallake da cikakkiyar hujja. A Brugada ma an auna 21, ɗaya ce ta tsaya, SCN5A. Wato fannin yana sharar gidansa, kuma yawancin bayanan gadon da duniya ta tara na mutanen da asalinsu Turai ne, alhali bambancin gado ya fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka. Likitan da ya tara iyalai daga al'ummar da ba a bincika ba, ya rubuta tarihinsu tsaf, ya adana jininsu yadda ya kamata, yana riƙe da abin da manyan ɗakunan bincike ba za su iya saya ba.

Hanyar hoto ta fara ne da aro. A 1953 likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz a garin Lund na Suwidin suka aro na'urar da ake duba tsagewar ƙarfe da ita a maƙerar jiragen ruwa, suka ɗora ta a ƙirji, suka ga motsin bangon zuciya. Daga nan eko ya samo asali. Har yau halin fannin ke nan: likita da injiniya a ɗaki ɗaya, ɗaya na da tambaya, ɗaya na da na'ura. Wanda lissafi da kimiyyar maganaɗisu ke ba shi tsoro ya sani cewa ba zai kauce musu ba idan ya zaɓi MRI.

Daɗin wannan hanya shi ne gani ya kori ji. Ka ɗora kan na'ura a ƙirji, cikin minti biyar ka ga bangon tsakiya ya kumbura, ka ga murfin zuciya yana leƙowa yana tare hanyar fitar jini. Ma'aunin a bayyane yake: kaurin milimita 15 ko fiye a babba, ko 13 idan akwai mai cutar a gida. MRI kuma ya ƙara ido na biyu. Tun aikin Raymond Kim da Robert Judd a 1999 da 2000, ana yi wa mutum allurar sinadarin gadolinium, a jira minti 10 zuwa 15, tabon da ke cikin tsoka ya fito fari tas a kan baƙi. Daga baya aka nuna cewa mai HCM da tabo ya ci kashi 15 cikin 100 na tsokarsa ko fiye, haɗarin mutuwar fuju'a a gare shi ya kai kusan ninki biyu, kuma wannan yana shiga lissafin ko za a dasa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Sai awon da ake kira T1, wanda ke bambance zukata biyu masu kauri iri ɗaya: idan ya yi ƙasa a yi zargin cutar Fabry, idan ya yi sama ƙwarai a yi zargin amyloid, wato taruwar wani gurɓataccen furotin a cikin tsoka. Kowace cikinsu tana da maganinta daban, don haka hoton nan take yake canza abin da za a rubuta wa mutum. Amyloid ɗin ma ya cancanci a tsaya a kansa: akwai sauyin V122I a ƙwayar gadon transthyretin da kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙar fatar Amurka ke ɗauke da shi, asalinsa daga Afirka ta Yamma, yakan bayyana bayan shekara 60, kuma sau da yawa ana ɗaukarsa a matsayin illar hawan jini kawai. Tun 2016 ana iya tabbatar da shi da hoton ƙashi na nukiliya ba sai an yanki tsoka ba, a 2019 kuma aka amince da maganinsa, tafamidis, a Amurka.

To amma kada a ɗauka mai hoto ya tsira daga shakka. Nasa rashin tabbas ɗin a milimita yake. Ɗan ƙwallo mai shekara 17 yana kwance a gefen hagu, ɗakin da duhu, kana daskarar da hoton a daidai lokacin da zuciya ta cika, ka ja layi: 13. Ka sake ja, ka kauce wa wata 'yar jijiyar tsoka da ke manne da bango: 12. Abokin aikinka ya zo ya ja nasa: 14. Tsakanin 12 da 14 akwai makomar yaro, ko ya ci gaba da wasa ko a shiga dogon bincike a kansa. Motsa jiki mai tsanani yana kaurara zuciya, hawan jini ma haka, kuma binciken da ƙungiyar Sanjay Sharma ta yi a Landan ya nuna cewa 'yan wasa baƙar fata sun fi fararen fata samun kauri da sauyin ECG da ba cuta ba ne. Haka aka yi da saƙar tsokar cikin zuciya: da MRI ya fara nuna ta dalla-dalla sai aka riƙa laƙaba wa mutane cuta, daga baya aka ga ana samunta a lafiyayyun 'yan wasa da mata masu juna biyu. Na'ura mai kaifin ido tana nuna abin da babu wanda ya san ma'anarsa tukuna, kamar dai gwajin gado.

Idan aka zo kan aikin kansa, wato yadda mutum zai rayu a cikinsa shekara ashirin, bambancin ya fi fitowa fili. Mai hoto yakan fara wallafa sakamako da wuri, don marasa lafiya suna zuwa kullum kuma hotunan shekarun baya suna ajiye suna jiran mai tambaya. A shekara uku ta digiri zai iya fitar da takardu da dama. Mai gado, musamman na ɗakin gwaje-gwaje, zai iya cinye shekara ukun a kan takarda ɗaya, wadda idan ta yi kyau ta fi waɗancan nauyi, idan kuma gwajin ya ƙi, ya fito hannu rabbana. Sannan idan tallafin bincike ya yanke, kuma yakan yanke, mai hoto yana da sana'a a hannu da kowane asibitin zuciya ke nema. Mai gado sai a manyan cibiyoyi ƙalilan ake da gurbinsa.

Wannan alherin kuma shi ne tarkon mai hoto. Tunda asibiti na buƙatarsa, asibiti zai cinye shi. Za a ce ranar Laraba taka ce ta bincike, sai a wayi gari hotuna arba'in na jiran rahoto, abokin aiki ya tafi hutu, likitan tiyata na tsaye a kanka. Larabar farko ka bayar don kunya, ta biyu don tausayi, ta goma babu ma mai tambayarka. Na ga haziƙai da yawa da suka shiga da niyyar bincike suka ƙare a matsayin ƙwararrun masu karanta hoto, ba don sun gaza ba, sai don babu wanda ya tsare musu lokaci. Ba banza ba tallafin matasan likitoci masu bincike na cibiyar NIH ta Amurka yake sharɗanta kusan kashi 75 cikin 100 na lokacin mutum ya tafi ga bincike. Kuma tun 1979 James Wyngaarden ya yi kukan cewa likita mai bincike na neman ɓacewa. Taura biyu ce, kuma har yau ba ta taunuwa da sauƙi. Mai gado a nan ya fi samun kariya, don ɗakin gwaje-gwaje yana nesa da layin marasa lafiya, ba a ganinsa balle a kira shi. Hasararsa ita ce hannunsa na asibiti yakan yi sanyi idan bai kula ba.

Akwai kuma maganar dogaro da kaya. MRI na zuciya yana buƙatar na'ura mai tsada, wutar da ba ta yankewa, injiniya, da lokacin da za a ware wa bincike a kan na'urar da kowane sashe ke rububi. Idan cibiyar ba ta da waɗannan a ƙasa, alƙawarin "za a kawo" ba abin gina digiri ba ne. Eko ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba, kuma ana bincike mai kyau da shi. Gado kuwa ana iya ɗibar jini a nan a karanta shi a wata nahiya, sai dai wanda ya aika jini bai koyi tace bayanan da kansa ba, zai tsinci sunansa a tsakiyar jerin marubuta har abada.

Game da ƙirƙirarriyar basira, tambayar da kowa ke yi, amsata gajeriya ce. Zana iyakar zuciya da hannu, aikin da ɗalibai suka sha kwana a kai, kwamfuta ta riga ta karɓe shi. Wanda bincikensa awo ne kawai yana cikin matsala. Wanda ke da tambaya kuwa an sauke masa kaya ne.

Kuma wannan ne ya sa katangar da ke tsakanin sassan biyu take rushewa. A 2012 aka gano cewa yankewar ƙwayar gadon titin tana bayan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na DCM na gado. Matsalar ita ce ana samun irin wannan yankewa a jikin wasu da ke yawo lafiya lau. Waye zai raba gardama? Hoto. Masu bincike a Landan da Singafo suka ɗauki MRI na lafiyayyun masu ɗauke da sauyin, suka ga zukatansu sun ɗan bambanta ta yadda ido kaɗai ba zai kama ba. A 2016 kuma aka nuna cewa kusan kashi 15 cikin 100 na matan da zuciyarsu ta raunana a kusa da haihuwa suna ɗauke da irin waɗannan sauye-sauye, yawanci a titin. Rumbun UK Biobank na Birtaniya, mai mutum 500,000 da aka riga aka ɗauki hoton 100,000 daga cikinsu, ya haɗa gado da MRI a wuri ɗaya, kuma mai bincike daga kowace ƙasa na iya neman izinin amfani da shi, duk da cewa sama da kashi 90 na mutanen ciki fararen fata ne. Shi kansa mavacamten, ɗan gidan gado, ba a ba da shi sai da eko a kai a kai, don yana iya rage ƙarfin bugun zuciya fiye da yadda ake so.

Ga inda na tsaya. Ga yawancin likitocin da suka riga suka yi nisa a asibiti, suna son marasa lafiya, kuma suna da iyalin da ke jiran albashi, na fi ba da shawarar su riƙi hoto a matsayin sana'a, su zauna a asibitin da ke ganin iyalai masu cutar gado, su koyi karanta sakamakon gado da sarrafa bayanai a kwamfuta har su iya musu da masana. Ta haka tambayar gado ce suke amsawa, da kayan aikin da ke hannunsu. Wanda zan tura gado kai tsaye shi ne wanda ya taɓa zama a ɗakin gwaje-gwaje aƙalla shekara guda, gwaji ya ƙi masa sau da yawa, kuma ya tashi da safe yana ɗokin komawa. Irin wannan mutum idan aka kulle shi a ɗakin rahoton hoto zai ƙuntata. Haka wanda cututtukan wutar zuciya suka kama wa rai.

Duk wannan lissafi malami ɗaya yana iya rushe shi. Gurbin gado a hannun malamin da ke zama da ɗalibansa kowane mako ya fi gurbin hoto a hannun mashahurin da ba a ganinsa sai a taro, haka ma akasin haka. Shi ya sa na ce wa matashiyar nan ta ajiye takardun biyu tukuna, ta nemo ɗalibai uku na ƙarshe da suka gama a kowane wuri, ta tambaye su shekara nawa suka ɗauka, sunan wa ke farko a takardunsu, kuma ina suke aiki yanzu. Ta kuma nemi a rubuta mata kwanakin bincikenta a cikin takardar ɗaukar aiki, da sunan wanda zai riƙe mata marasa lafiya a waɗannan kwanaki.

Bayan mako biyu ta dawo. Sashen hoto sun ce za a duba maganar kwanakin idan ta fara. Ɗakin gado sun rubuta mata kwana huɗu a mako, suka bar mata Alhamis ta riƙa yin eko a asibitin iyalai. Ta ce, "Malam, na san hoto ka fi so mini." Na ce mata ta ɗauki wanda aka rubuta.